Wurin da Tsirkiyata ta Tsinke

Kiɗan da na fi iyawa a duniya ba nawa ba ne, na wasu Turawa ne da ban taɓa ganin ko hotonsu ba. A gidan silima na fara jin sa ina saurayi. Kafin a fara fim, mai kula da na'ura yakan ɗora wani faifai guda da yake da shi, kiɗan jita zalla, babu mai waƙa. Jitar tana tafiya da ƙasaita, amonta kamar daga cikin rijiya yake fitowa, ganguna suna biye da ita a baya. Jama'a na ta cinikin gyaɗa da rake, ni kuwa na saki baki. Akwai ranar da na yanki tikiti, ana gama kiɗan na tashi na fita, ban tsaya kallon fim ɗin ba.

Wani malamin firamare ɗan Filato da ke haya a unguwarmu ta Magajiya ne ya bar mini jitarsa da aka yi masa canjin wurin aiki. Babu wanda ya koya mini. Da rana ina kan keken ɗinki a shagon babanmu, da yamma in ɓuya a bayan gida ina laluben kiɗan nan da kunne, har yatsuna suka yi kanta. Da na iya shi, na iya shi. Ko yanzu ba zan yi kawaici a kan wannan ba.

Lokacin ana gina Abuja, Suleja ta cika maƙil da baƙi: magina, direbobin tifa, ma'aikatan gwamnatin da ba su sami muhalli a can ba. Wani otal na bakin hanya ya ɗauke mu, ni da wasu 'yan kiɗa, mu riƙa kiɗa ranar Lahadi bayan la'asar. Ni ne a gaba, da rigar da na ɗinka wa kaina mai faffaɗan wuya. Can baya, jikin bango, makaɗin gangarmu ke zama, wani Bagwari kafinta daga Chaza, gajere mai faɗin tafin hannu. Shi ya sassaƙa gangunansa da kansa, dogaye guda biyu, ya ɗaure su da fatar akuya. Ba mu taɓa kiran juna da suna ba. Ni Mai jita, shi Mai ganga. Ina son sa, amma a wurina aikinsa ya riƙe mini tafiya ne kawai ni in yi magana. Shi ma bai taɓa musa hakan ba.

Tsirkiyar jita a lokacin ba a Suleja ake samunta ba, sai an yi saƙo Kaduna, shi ma sai an dace. Saboda haka duk mai jita a garin nan abokin mai gyaran keke ne. Za ka karɓi wayar birki, ka warware ta, ka zaro sili ɗaya, ka goge maiƙon da toka, ka ɗaura a gurbin siririyar tsirkiyar nan ta ƙasa. Sautinta ras, ya ma fi na kanti kaifi. Aibinta ɗaya, ba ta da amana, ba ta sallama idan za ta tafi. Don haka kullum akwai wani silin a naɗe cikin aljihuna.

Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar kiɗanmu. Wani akawun kamfanin gine-gine ne za a mayar da shi garinsu, abokansa suka shirya masa liyafar bankwana a otal ɗin, ya zo da rakoda ya ajiye a kan tebur gabanmu. Na ce yau za a san ni. Na ɗauko kiɗan Turawan nan, na taho da shi lafiya lau, ina kaiwa inda jita ke hawa sama, inda na fi so, sai tsirkiyar ta tsinke. Na durƙusa, na zaro silin aljihu, kullin ya ƙi kamawa. Sauran 'yan kiɗan suka yi cirko-cirko. Mai ganga ne kaɗai bai tsaya ba, ya yi ta dukan abinsa don kada wurin ya yi shiru, har na gama ɗauri na dawo muka ƙarasa. Akawun ya ba ni kwafin kaset ɗin kafin ya tafi. Duk lokacin da na saka shi, ina zuwa wurin nan nake danna maɓalli in tsallake, don kunya yake ba ni.

Daga baya otal ɗin ya koma makarantar kuɗi, 'yan kiɗa suka watse. Na yi aure, na gaji shagon babanmu, gemu ya yi fari, jita ta hau saman kwaba ta zauna. Mai ganga ne kawai bai watse ba. Da Sallah yakan zo ya ci tuwonmu, da Kirsimeti in je Chaza in ci shinkafarsu. Shi ya yi mini ƙofofin ɗakunan da na gina a bayan gida na zuba 'yan haya.

Cikin 'yan hayar akwai wani matashi Bakano mai gyaran wayar hannu a Abuja. Da asuba yake bin mota, sai bayan magariba ya dawo a gajiye. Ranar hutu kuwa ya kulle kansa a ɗaki da kwamfuta yana haɗa kiɗan nan nasu na hip-hop, wanda 'yan rediyo ke kira gambarar zamani. Dum, dum, dum, har kwanukan maiɗakina na amsawa a kicin. Wata Asabar na kasa haƙuri na buga masa ƙofa.

"Kai, wannan ba kiɗa ba ne, sussuka ce," na ce masa.

Ya cire abin kunnensa ya russuna yana dariya. "Baba, ashe ka san kiɗa?"

Tambayar ce ta ja mini. Na koma ciki na tono kaset ɗin daga ƙasan akwati, na kawo masa da hannuna. Babu wanda ya roƙe ni. Ya ce yana da na'urar da zai juye shi cikin kwamfuta, in riƙa ji a wayata. Na ja masa kunne cewa akwai wuri a tsakiya da ya lalace, tsirkiya ce ta tsinke, kada ya ɓata lokacinsa a kai. Na koma shago ina ɗinki ina murmushi ni kaɗai. A raina na riga na ga yaron ya zo ya durƙusa yana cewa in koya masa jita.

Bayan kwanaki ya kira ni ɗakinsa, idonsa na ƙyalli. Ya ba ni kujera, ya danna kwamfuta. Na ji ganguna. Na gane hannun nan take, hannun Mai ganga ne. Suka tafi, suka yi kamar za su tsaya, suka yi tuntuɓe, suka sake tashi, suka dawo farko. Na gyara zama ina jiran jita ta shigo. Gangunan suka sake zagayowa. Maimakon jita sai muryar yaron ta shigo yana zuba magana a kan cunkoson hanyar Abuja da tsadar haya. Har aka gama ban ji tsirkiya ɗaya ba.

"Ina jitar?" na ce.

"Baba, jitar tana nan, na tura maka ita cikakkiya a waya. Amma wannan wurin, wallahi zinare ne. Ka ji yadda yake jan ƙafa kamar zai faɗi, sai ya ƙi faɗuwa? Kwamfuta ba ta iya wannan. Shi na yanko na jera."

"Wurin da na ce maka ya lalace."

"Shi fa, Baba."

Ganin fuskata ya sa ya shiga ba ni labari don ya faranta mini. Wai kiɗan nan na Turawa da na koya a silima sananne ne a duniya, masu jita da yawa a kansa suka tashi. Wai bayan shekaru wasu makaɗa a Amurka suka sake kaɗa shi, suka cika shi da ganguna, suka bar wani wuri a tsakiya inda kowa ke yin shiru sai gangunan. Wai samarin baƙaƙen fata na can suka gano cewa wurin nan ne masu rawa ke haukacewa, sai suka riƙa sayen faifan guda biyu, wannan na ƙarewa su saki wancan, don wurin ya yi ta zagayowa, wani kuma ya ɗauki makirfo yana zuba magana a kai. Daga irin wannan, in ji shi, hip-hop ya taso.

"Ka ga ke nan, Baba, tarihi ne ya maimaita kansa a gidanka."

"To mai jitar fa?" na ce. "Shi wanda ya fara kaɗa shi?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Ana girmama shi sosai."

"Amma ba a ji shi a ciki."

"A wurin dai, a'a."

Na tashi na fita. Ashe har a ƙasar Turawa haka ake yi wa mai jita.

Na ɗauka abin zai tsaya a ɗakinsa. Ina! Ya kai wa masu tura waƙoƙi a waya, kafin wata ya zagayo ba inda ba a jin sa a Suleja. Ɗan acaɓa zai wuce ta ƙofar shagona da shi, mai shayi na saka shi, 'yan mata masu kawo ɗinki wayarsu ta yi ƙara in ji hannun Mai ganga. Na je gaisuwar rasuwa garin Gawu Babangida, a tasha na tarar da kiɗan yana jirana. Wurin da na yi shekaru ina tsallakewa shi ne ya riƙa bi na lungu-lungu.

Yaron bai ɓoye inda ya samo ba, wannan kam na shaide shi. Ya tambaye ni wane ne makaɗin, na faɗa masa da bakina, har kwatancen shagon kafintan na yi masa. Suka ɗunguma Chaza shi da abokansa. Suka sa wa tsoho hular hana-sallah da baƙin tabarau suka ɗauke shi hoto a tsakiyar katakai. Yara suka fara kiransa Baba mai ganga. Mutumin da ya yi shekaru yana kallon ƙeyata a otal, yau shi ake tsayar da mota a gaishe shi.

Kishi na ji, ba wani abu ba. Irin wanda ke hana tuwo wucewa. Idan aka yabe shi a majalisarmu ta bakin masallaci sai in ce ai kafinta ne mai kyau. Wani ya ce ashe tare kuka yi kiɗa, na ce eh, yana riƙe mana ganga. Mai ganga ya aiko mini da doya ta hannun jikarsa, na ce a gode masa, ban taka na je ba. Maiɗakina tana lura da ni.

"Malam, kai da ka ce ka tuba da kiɗa tun kafin a haifi babbar 'yarmu, me ya dame ka da wanda aka yaba?"

"Ni na ce ya dame ni?"

"To doyar nan dai ba ita ta tsinka maka waya ba. Ka ci."

Na ci, don doyar Gwari ba a fushi da ita, amma ban fasa ba. Abin da ke ci na shi ne, ba don tsirkiyata ta tsinke ba, da wa zai san yana da hannu? Ni na buɗe masa ƙofar, kuma ba da niyya ba, wannan ya fi komai ciwo. Da kyauta na yi masa ai da na sami abin gori.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na tarar da Mai ganga zaune a bencin ƙofar shagona, babu hula babu tabarau. Muka gaisa sama-sama. Ya yi ta murza tafin hannunsa.

"Mai jita, yaran nan za su yi wasa a filin makaranta ranar Asabar ta sama. Sun buga hotona a takarda. Wai in kaɗa abin nan a gaban mutane."

"To Allah ya ba da sa'a. Ai kai ne gwani."

"Na kasa."

Na ajiye almakashi.

"Na je gwaji wurinsu ya fi a ƙirga," ya ce. "In kaɗa, su ce ba haka ba ne, Baba, wannan ya yi daidai da yawa. Su kunna mini na kaset, in saurara, in sake, su kalli juna. Ni ban san me na kaɗa ba ranar nan. Ba kiɗa nake yi ba, kai nake kallo. In ga kamar ka gama ɗauri, in taho zan miƙa maka, sai in ga kullin ya kwance, in juya da sauri in sake zagayowa. Abin da suke so ke nan. To yanzu wa zan jira?"

Ba zan ɓoye ba, daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na bar shi ya ɗan jiƙa a zaune, na ɗauki wata riga na duba wuyanta da babu abin da ya same shi.

"Zan zo," na ce. "Amma daga farko zan ɗauko kiɗan, yadda yake. Ba guntu ba."

"Yadda ka ce, Mai jita."

Ɗan hayana ya ce zai sayo mini tsirkiyoyi sababbi a Abuja, na ce ya sayo duka ban da ta ƙasa. Na je wurin wani tsohon mai gyaran keke da ya rage a bayan kasuwa na karɓi wayar birki. Na zauna a tsakar gida na warware, na zaro sili biyu, na goge da toka, na ɗaura ɗaya, ɗaya na naɗe a aljihu. Maiɗakina na tankaɗe tana kallona ta wutsiyar ido, sai da ta ga na ɗauko dutsen guga zan goge farar rigata sannan ta yi dariya.

Ranar Asabar da la'asar filin ya cika da matasa. Aka kira Baba mai ganga, wurin ya ɗauki tafi da fito. Aka ce tare da shi akwai wani abokinsa. Wani abokinsa. Na haɗiye, na gyara jitar a kafaɗa. Ya zauna a baya inda ya saba, ni a gaba.

Na fara. Yatsun sun tsufa amma ba su manta ba. Amon nan ya fita ta manyan sifiku ya cika filin, yadda ban taɓa jin sa ba ko a silima. Na ɗaga kai in ga fuskoki. Wasu na latsa waya, wasu na sayen ruwan leda, wata yarinya a gaba tana hamma. Ba raini ba ne, jira suke yi. Na kai wurin hawan, na hau, tsirkiyar ta riƙe. Na sauko na sake hawa, ta riƙe gam. Wayar birkin da ta kunyata ni a gaban rakoda, yau ta ga damar yin amana.

Na fahimci abin da ke hannuna. In na ci gaba, zan kai kiɗan nan ƙarshe ba tare da tangarɗa ba, a gaban jama'ar da ta fi duk wadda na taɓa tara, abin da nake so tun ina saurayi. Mai ganga kuwa ya tashi daga wurin bai kaɗa abin da aka buga hotonsa dominsa ba, yara su ce ashe tsohon kwamfuta ce ta gyara shi. Kuma babu wanda zai ce laifina ne. Na waiwaya. Yana riƙe mini tafiya daidai, kamar kullum, gumi na bin wuyansa, idonsa a kan hannuna na hagu.

Na kai hannu kan maɗaurin tsirkiyar na murɗa. Sautin ya haura, ya yi tsini. Na ƙara murɗawa. Ta tsinke, bakinta ya tsarge ni a yatsa.

Ihun da filin nan ya yi ban taɓa jin irinsa ba. Duk shekarun da na yi ina kiɗa ba a taɓa yi mini rabinsa ba, sai ranar da na yi shiru. Na durƙusa na zaro silin aljihu. Ba sai na yi wasan kwaikwayo ba, ido ya raunana, yatsa na jini, kullin ya ƙi kamawa da gaske. A bayana na ji shi ya taho zai miƙo mini, ya ga ban shirya ba, ya yi tuntuɓen nan ya juya. Ƙasa ta ɗauki rawa, ɗan hayana ya shigo da makirfo. Can kullin ya kama. Na ja, na ji ta zauna. Na ji ya sake tahowa. Ban ɗago ba, na ci gaba da taɓa-taɓar maɗaurin kamar da saura, na bar shi ya zagaya, ya sake zagayawa. Ina durƙushe ina jin haushinsa, kuma ban tashi ba sai da na ji hannunsa ya fara gajiya. Sannan na miƙe muka ƙarasa tare. Ƙarshen kiɗan ya fita tsaf, ko da yake ban ga alamar wani ya lura ba.

Da muka sauko matasa suka yanyame shi. Wata yarinya ta miƙo mini wayarta ta ce, "Baba, abeg ka ɗauke mu da shi." Na ɗauke su. Sai da aka lafa ya samu ya iso inda nake, ya kama hannuna ya duba yatsan.

"Ba da kanta ta tsinke ba," ya ce a hankali.

"Wayar birkin yanzu ce ba ta da kyau," na ce.

Ya ɗaure mini yatsan da hankicinsa.

Washegari bidiyon ya zagaye gari. Wanda ya ɗauka bai fara ba sai da ihun ya tashi, kuma ya kashe kafin in miƙe. Mai ganga ne a tsakiya, kansa a karkace, idonsa a ƙasa gefe guda. Masu kallo na cewa tsohon ya shiga shauƙi ne. A kusurwar da yake kallo, can ƙasa, akwai farar riga a dunƙule da rabin hula.

Har yanzu kishin bai sake ni ba, kuma na daina sa ran zai sake ni. Idan mai kawo ɗinki ya zauna jira wayarsa ta yi ƙara da gangunan nan, nakan ce ya buɗo bidiyon. In karɓi wayar, in tsayar da hoton, in sa yatsa a kusurwar.

"Ka ga bayan nan?" in ce. "Nawa ne."